Yoga: Ibada Ce, Magani Ce, Ko Motsa Jiki?

Watannin baya wata ƙanwata da ta daɗe tana fama da ciwon baya ta kira ni bayan magariba. Likitan gashin ƙashi ne ya rubuta mata wasu motsa jiki, har da yoga, ya ce ta duba yadda ake yi a YouTube. Bidiyon farko da ta buɗe, wata mata ce a kan tabarmar roba tana miƙe baya tana ƙirga numfashi, babu abin zargi. A na biyu sai ga mutum ya haɗa tafukan hannu a ƙirji, ido rufe, yana jan kalmar "om" da murya mai kauri, ga gunki a bayansa an kunna masa turare. Ta ce, "Yaya, wai wannan abin addininsu ne ko magani ne?" Na ce ta ba ni kwana biyu, domin gajeriyar amsar da ke bakina a lokacin za ta zalunci tambayar.

Matsalar ita ce kalma ɗaya ce take ɗauke da kaya iri-iri. Abin da mai gudun duniya yake yi a bakin kogin Ganga, da abin da ake yi a gidan motsa jiki a Landan, da abin da likita yake koya wa mai damuwa a asibiti, duk yoga ko bimbini (zaman tattara hankali) ake ce musu, alhali tafiyarsu daban, masauƙinsu daban. Sai an bi tarihin kalmar kafin a gane inda hanyoyin suka rabu.

Asalinta daga harshen Sanskirit ne, tsohon harshen Indiya, daga tushen "yuj", wanda ma'anarsa ɗaurawa ko haɗawa, kamar yadda manomi yake ɗaura wa shanun huɗa karkiya su bi kunya ɗaya. Wani tsohon littafin Hindu, Katha Upanishad, ya kawo misalin da Bahaushe zai gane nan take: jiki keken doki ne, gaɓoɓin ji da gani su ne dawakin, zuciya ita ce linzami, hankali kuma shi ne mai tuƙi. Wanda linzaminsa ya saki, dawaki za su kai shi inda suke so. A can farko, duk zancen yoga zancen riƙe wannan linzami ne.

Wanda ya tsara koyarwar a dunƙule shi ne wani malamin Indiya mai suna Patanjali, a cikin gajerun jimloli kusan 195 da ake haddacewa, irin yadda almajiri yake haddace matani kafin malam ya warware masa. Masana da yawa suna ajiye littafin a wajajen shekara ta 400 miladiyya. Jimla ta biyu ita ce ta ba da ma'anar yoga, wato tsayar da kai-komon zuciya. Daga nan ya jera matakai takwas. Na farko abubuwa biyar ne da za a bari: cutar da mai rai, ƙarya, sata, sakin sha'awa, da handama. Na biyu abubuwa biyar da za a lazimta: tsafta, wadatar zuci, juriya kan wahalar horo, karatu, da miƙa wuya ga abin bautar da suke kira Ishwara. Sai a mataki na uku ne ake maganar zama, na huɗu sarrafa numfashi, na biyar janye gaɓoɓi daga abin da ke fizgarsu, sannan tattara hankali wuri ɗaya, sannan dawwama a kan hakan, sannan nutsewa gaba ɗaya, wadda suke kira samadhi.

A lura da wani abu a nan. A cikin jimlolin nan kusan ɗari biyu, uku ne kacal suka yi bayanin yanayin zama, kuma abin da suka ce shi ne zaman ya kasance tabbatacce mai daɗi. Babu tsayuwa da ka, babu lanƙwasa baya kamar baka. Mutum ne ake so ya iya zama tsawon lokaci ba tare da gwiwa ko ƙugu sun ɗauke masa hankali ba. Haka ma a Bhagavad Gita, littafi mai tsarki a wajen Hindu, babi na shida, bayanin shi ne a sami wuri mai tsafta, shimfiɗa ba mai tudu sosai ba ba mai kwari ba, a daidaita baya da wuya da kai, kada a cika ciki kada kuma a kwana da yunwa. A can ne jarumi Arjuna ya koka cewa kama zuciya ya yi masa wuya kamar kama iska, aka amsa masa cewa da naci da rage kwaɗayi ake kama ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tarihi shi ne Musulmi sun riga Turawa sanin wannan ilimi da ƙarnoni. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11. A babban littafinsa kan Indiya, wanda ya kammala wajajen 1030, ya riƙa kwatanta wasu maganganunsu da na Sufaye da na masanan Girka. Bai karɓi aƙidarsu ba, bai kuma yi musu ƙage ba, ya faɗi abin da suka ce yadda suka ce shi. Bayansa da shekara ɗari biyar, Shaihu Muhammad Gausu na Gwaliyor, jagoran ɗariƙar Shaɗɗariyya, ya fitar da littafin Bahrul Hayat da Farisanci, wanda ke bayanin zama da numfashin 'yan yoga. Kwafinsa mai zane da aka yi a farkon shekarun 1600 yana cikin tsofaffin littattafan da suka nuna hotunan waɗannan zaune-zaune, kuma yau yana ajiye a ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin. Ke nan tambayar ƙanwata tsohuwa ce, manyan malamai sun yi ta tun kafin kakanninmu.

To, daga ina lanƙwashe-lanƙwashen suka fito? Wani reshe da ake kira hatha ne ya fara ba wa jiki muhimmanci, da tunanin cewa akwai wani ƙarfi a kwance a gindin ƙashin baya da za a tayar ta hanyar numfashi da matse gaɓoɓi. Shahararren littafinsu na ƙarni na 15, Hatha Yoga Pradipika, ya bayyana yanayi 15 ne kawai, yawancinsu na zaune. Masu yin wannan kuwa 'yan gudun duniya ne, masu shafa toka da tara gashi, waɗanda 'yan bokon Indiya na zamanin mulkin Ingila suke jin kunyarsu. Shi ya sa lokacin da Swami Vivekananda ya yi jawabinsa a taron addinai na Shikago a 1893, ya kuma fitar da littafinsa kan yoga a 1896, falsafa da tattara hankali ya kai wa Amurkawa, motsin jiki kuwa ya raina shi.

Juyin ya zo ne a shekarun 1920 da 1930. A lokacin Indiya tana cikin zazzaɓin gina jiki, matasa suna son ƙaryata zancen Turawan mulki cewa Ba'indiye rago ne. Sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh ya yaɗa jerin motsin da ake kira Surya Namaskar, gaisuwar rana, ya sa a riƙa yi a makarantunsa. A Maisur kuma sarki ya ba wani malami, Tirumalai Krishnamacharya, wuri a fada don ya horar da samarin gidan sarauta. Yara ne masu jini a jika, don haka ya tsara musu motsi mai gudana, daga wannan yanayi a faɗa wancan tare da numfashi. Masanin tarihi Mark Singleton ya nuna a 2010 cewa da yawa daga cikin motsin sun yi kama da atisayen 'yan kokawar Indiya da na motsa jikin Turai da ake koyarwa a lokacin, kodayake akwai masu ganin ya zuzuta tasirin Turai. Daga hannun Krishnamacharya ne shahararrun malaman yoga B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois suka fito, da Indra Devi wadda ta buɗe makaranta a Hollywood a ƙarshen shekarun 1940 ta koya wa taurarin fim. Yawancin abin da ake gani a YouTube yau jikokin wannan ɗaki na Maisur ne, shekarunsa ba su wuce ɗari ba.

Bimbini, wato zaman tattara hankali, shi kuma ta wata ƙofa ya fito kasuwar duniya, ƙofar addinin Buda. A 1885 Ingila ta ci Mandalay, ta kori Sarki Thibaw na Bama, ƙasar da yau ake kira Miyanma. Sarki shi ne garkuwar addini a can, da ya tafi sai malamai suka ji tsoron ilimin zai ɓace. Wani babban malaminsu, Ledi Sayadaw, ya yanke shawarar fitar da abin da a da yake hannun 'yan zuhudu ya ba talakawa. Daga gare shi ilimin ya bi ta hannun wani manomi, Saya Thetgyi, zuwa U Ba Khin, babban akanta na ƙasar, zuwa S.N. Goenka, ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya wanda ciwon kai mai tsanani ya kai shi neman sauƙi. A 1969 Goenka ya koma Indiya ya fara koyar da abin da ake kira vipassana.

Yana da kyau a dubi yadda horon Goenka yake, domin ya nuna cewa abin ba hutu ba ne. Kwana goma ake yi. Ana karɓe waya da littafi da alƙalami a ƙofa. Ƙarfe huɗu na asuba ake kaɗa ƙararrawa, ana zama kusan awa goma a yini, ba magana, ba haɗa ido da kowa. Bayan abincin rana, sabon ɗalibi shayi da 'ya'yan itace kawai zai samu da yamma. Kwana uku na farko aiki ɗaya ne, lura da iska tana shiga hanci tana fita, da ɗan wurin nan tsakanin hanci da leɓe. Daga rana ta huɗu sai a riƙa bin jiki daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa, ana lura da zafi da ƙaiƙayi da tsami ba tare da an sosa ko an gyara zama ba. Manufar ita ce mutum ya gani da kansa cewa kowane ji yana zuwa ne ya wuce, don ya daina rawar jiki wajen kama mai daɗi da gudun marar daɗi. Ba a biyan kuɗi, tsofaffin ɗalibai ne suke ɗaukar nauyin sababbi. Kafin a fara kuma sai kowa ya yi alkawarin barin kisa, sata, ƙarya, saduwa da kayan maye tsawon kwanakin. A 1994 an yi wa fursunoni kusan dubu irin wannan horo a gidan yarin Tihar na Delhi, zamanin da Kiran Bedi take shugabancinsa.

Mataki na ƙarshe na tafiyar shi ne asibiti. A 1979 Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu da ya yi karatu wurin malaman Buda, ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts, don marasa lafiyar da ciwonsu ya ƙi jin magani. Da gangan ya cire sunan Buda da kalmomin addini. A zaman farko ana ba kowa ƙwayar zabibi ɗaya, ya juya ta a hannu, ya dubi tamojinta, ya sansana, ya ɗora a harshe, ya tauna a hankali. Mutumin da ya shekara arba'in yana cin abinci hankalinsa na wani wuri, ranar yake fara sanin ɗanɗanon abin da ke bakinsa. Daga wannan shiri ne manhajojin waya da darussan kamfanoni suka samo asali.

Yana aiki kuwa? Yana yi, gwargwado. A 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka samu hujja matsakaiciya cewa irin wannan bimbini yana rage fargaba, baƙin ciki da raɗaɗin ciwo. Ba su samu hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince tun 2004 da wani nau'insa don hana ciwon damuwa dawowa ga wanda ya sha fama da shi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP kuma, a 2017, ta sa yoga cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai gwada kafin ya koma ga ƙwayoyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: jan numfashi a hankali, musamman tsawaita fitarsa, yana sassauta bugun zuciya, miƙe tsoka kuma yana sake abin da dogon zama ya ɗaure. Amma duk wanda ya ce maka yoga tana warkar da ciwon suga ko daji, har ka ajiye maganinka, to ranka yake wasa da shi. Kuma akwai gefen da masu talla ba sa faɗa. Willoughby Britton da abokan aikinta a Jami'ar Brown sun tattara bayanan masu dogon bimbini da suka faɗa cikin firgici, rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu. Mai tsohon rauni a zuciya, idan aka rufe shi da kansa kwana goma ba mai kula, abin da ya binne yana iya tasowa.

Saura tambayar addini, wadda ba Musulmi kaɗai ta dama ba. Fadar Vatican ta fitar da wasiƙar gargaɗi a 1989 kan cakuɗa addu'ar Kirista da hanyoyin bimbinin gabas. Majalisar Cocin Orthodox ta Girka ta ce a 2020 yoga ba ta da gurbi a rayuwar Kirista. Jihar Alabama ta hana ta a makarantun gwamnati daga 1993 har 2021, da aka ɗage hanin ma an bar sharaɗin ba waƙen addini, ba gaisuwar "namaste". A wajen Musulmi, majalisar fatawa ta Maleshiya ta haramta ta a Nuwamban 2008, majalisar malaman Indunusiya kuma a Janairun 2009 ta rarrabe: wadda ta ƙunshi karanta kalmomin bauta haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ta ɗaya gefen kuma akwai Hindu da ke jin an yi musu kwace, har wata ƙungiyarsu a Amurka ta ƙaddamar da kamfe a 2010 na a mayar wa yoga asalinta. Gwamnatin Indiya ta Narendra Modi tana tafiya da ƙafa biyu a kan wannan: ita ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka amince a Disamban 2014 da goyon bayan ƙasashe 177, a waje tana cewa kyauta ce ga dukkan 'yan Adam, a gida kuma ta zama tutar alfaharin Hindu. A bikin farko na 2015 an bar gaisuwar rana daga tsarin hukuma bayan ƙungiyoyin Musulmin Indiya sun nuna rashin yarda.

Ni a ganina rarrabewar malaman Indunusiya ita ta fi kusa da gaskiyar tarihi, domin da ma abubuwa ne mabambanta aka zuba a buhu ɗaya. Miƙe baya miƙe baya ne, ko a Maisur ko a Maraɗi. Amma "om" ba ƙara ce kawai ba, Patanjali da kansa ya ce ita ce lafazin da ke nuni ga Ishwara, kuma masu ita suna ɗaukar ta da tsarki. Wanda ya ce maka ba ta nufin komai ya raina su, ya kuma yaudare ka.

Inda na fi damuwa shi ne alkawarin da ake yi wa mutane na ɗaukakar ruhi da gyaran hali. Wanda ya tashi kusa da zawiya zai ga kamanni: zama wuri ɗaya, maimaita lafazi, lura da numfashi, rage ci da barci da surutu, halwa a ƙarƙashin kulawar shehi. Kayan aikin suna kama, domin zuciyar ɗan Adam iri ɗaya ce wajen tsalle-tsalle. Masauƙin ne ya bambanta. Patanjali yana neman ruhi ya ware daga duk abin da yake na halitta, ya kuɓuta daga sake haihuwa. Buda ya koyar da cewa babu ma wani tabbataccen "ni" da za a riƙe. Sufi kuwa kusanci yake nema ga Ubangijin da ya halicce shi, yana bawa har abada. Cewa duk ɗaya ne rashin adalci ne ga dukkan ukun. Sai dai akwai abin da suka haɗu a kai, wanda kasuwa ta yar: babu ɗayansu da ya yarda a fara daga zama. Patanjali ya sa barin ƙarya da handama a gaba da numfashi. Goenka ba ya barin ka zauna sai ka ɗauki alkawura biyar. Malaman tarbiyya namu suna cewa sai an yi takhalli, an kwashe munanan halaye, kafin tahalli, wato yin ado da kyawawa. Manhajar waya kuwa tana sayar maka da mataki na shida ba ta tambaye ka na farko ba, har kamfani yana iya koya wa ma'aikata nutsuwa don su jure aikin da ya fi ƙarfinsu, maimakon a rage musu aikin.

Tattara hankali ƙarfi ne, kuma ƙarfi yana bin halin mai shi. Bikram Choudhury ya gina daula da jerin motsi 26 a ɗaki mai zafi, dubban mutane suna kiransa malami. A 2016 wata kotu a Los Angeles ta umarce shi ya biya tsohuwar lauyarsa sama da dala miliyan shida kan cin zarafi da kora ba bisa ƙa'ida ba, daga baya ya bar Amurka. Bayan rasuwar Pattabhi Jois a 2009, mata da dama cikin ɗalibansa sun fito sun ba da labarin yadda yake taɓa su da sunan gyara musu zama. Mutanen nan sun iya numfashi, sun iya lanƙwasa, matakin farko na Patanjali ne ya gagare su. Kuma tsarin da ke cewa kada ɗalibi ya tambayi malami shi ya rufe bakin waɗanda aka cuta shekara da shekaru.

Da na kira ƙanwata, na ce mata ta koma wurin likitan ya nuna mata ainihin motsin da bayanta yake buƙata da hannunsa, kada ta dogara da bidiyo, domin wasu lanƙwasan suna ƙara wa mai ciwon baya ciwo. Na ce ta bar duk wanda ya zo da waƙe ko gunki ko gaisuwar rana, abin da ya shige mata duhu kuma ta kai wa malaminta. Likitan ya zaɓar mata motsi guda huɗu. Yanzu bayan sallar asuba, idan ta gama azkar ɗinta, takan shimfiɗa bargo a tsakar ɗaki ta yi su cikin minti goma sha biyar kafin yara su tashi. Ta ce wanda ya fi yi mata daɗi shi ne na durƙuso, goshi a ƙasa, hannuwa miƙe gaba, tana jan numfashi har ta ji ƙugunta ya saki.